Waken da Anti Hulda Ta Ci a Galili

Ranar Litinin ta bayan Ista, wadda Kiristocin Kafanchan kan fita bayan gari da abinci su ce sun tafi Galili, Yemima ta ƙona wake.

Ba don rashin iya girki ba. Ta ɗora tukunya da wuri, ta soya riɗi ta daka, ta ajiye manja a gefe, sannan ta zauna a kan turmi ta soma kuka, ta kuma ba kukan cikakken lokacinsa. Kafin ta farga, ƙauri ya kai ƙofar gida. Ta kwashe na sama, ta ƙara manja fiye da kima don rufin asiri, ta juye a kula, ta danne murfi.

Dalilin kukan shi ne hukuncin da Anti Hulda ta sake yankewa jiya bayan an tashi daga sujada.

"Ko mazan Kafanchan sun ƙare, Boaz kaɗai ya rage, gara ki tsufa a ɗakina."

Anti Hulda yayar Malam Azariya ce, mahaifin Yemima, tsohon hedimasta wanda ya yi shekaru yana firgita ɗaliban gari amma bai taɓa samun sarari ya ƙarasa magana a gaban yayarsa ba. Ita ta goyi Yemima tun rasuwar mahaifiyarta, don haka Mama take ce mata. Idan ta yanke hukunci a gidan, babu inda ake ɗaukaka ƙara.

Boaz kuwa ba shi da aibun da za a nuna. Manomin citta ne, ba ya shan burkutu, shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙan coci. Laifinsa an aikata shi tun kafin a haifi ubansa.

A zamanin Turawa, wani Bature mai haƙar kuza ya ga dama ya gina gida a kan dutsen da ke kallon gari. Kakan Boaz, Ishmael, shi ne hedman na leburori. Wata safiya aka tashi da ruwa, leburori suka ce a dakata, Ishmael ya ce Bature bai ce a dakata ba. Dutse ya suɓuce daga kan katangar lambu ya danne wani saurayi mai suna Tagwai, ƙanen kakan Yemima. A wurin jana'iza dattawan gidan suka rantse cewa babu wani nasu da zai ƙara kai abincin gidan Ishmael baki. Aure bai shiga cikin rantsuwar ba, bai kuwa buƙaci shiga ba, domin babu wanda ya san yadda ake ajiye amaryar da ba za ta ci tuwon gidan mijinta ba.

Gidajen biyu coci ɗaya suke zuwa. Fasto Eli ya taɓa tuna wa Anti Hulda cewa ita da Mama Dinah, mahaifiyar Boaz, daga faranti ɗaya suke karɓar jibin Ubangiji.

"Wannan abincin Yesu ne, Fasto," ta ce. "Ba a murhunsu aka dafa ba."

Fasto bai sake tayar da zancen ba.

Akwai kuma Leonard. Ɗan gari ne, ma'aikacin gwamnati a Abuja, mai ladabi, mai mota, mai turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Shi ya nemi izini a wurin masu kula da Gidan Bature, kamar yadda ake kiran gidan kan dutsen, don ikilisiya ta yi Galilin bana a lambunsa. Kowa ya san dalili, domin an ga shatin ɗan akwatin zobe a aljihunsa tun ranar Jumma'a. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne Anti Hulda, wadda ba ta taɓa taka dutsen ba tun da aka haife ta, ta ce za ta je.

"Zan nuna wa yarinyar nan katangar ta gani da idonta," ta ce. "Tunda kunnenta ba ya aiki."

*

Hanyar ta yi ta lanƙwasa tana hawa, motar Leonard a gaba, motar coci a baya tana tari. Da suka wuce ƙofar ƙarfe, gidan ya bayyana gaba ɗaya.

Da baƙin dutse aka gina shi, bene guda, baranda mai faɗi ta kewaye shi, tagogi dogaye kamar na majami'a. Wata bishiyar fure mai jan launi ta hau ginshiƙai ta haɗiye rabin rufin. A gabansa lambu ya gangara hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangarsa ta dutse, nan lemo, can gwaba, ga mangwaro ya nuna yana faɗuwa babu mai tsinta. Daga bakin barandar ana hangen rufin kwanon gari, da layin dogo, da gonakin da aka fara sharewa ana jiran ruwa ya zauna.

Yemima ta girma tana jin sunan wurin nan kamar sunan maƙabarta. Ba ta yi tsammanin zai yi kyau haka ba, sai ta ji haushinsa.

Matasa suka sauke kaya suka jera a gindin mangwaro. Kuloli shuɗɗa sun fi yawa, duk iri ɗaya, domin Zumuntar Mata ce ta raba su a bikinta na bara, kuma babu gidan da ya yarda a gan shi bai zo da tasa ba.

Leonard ya naɗa kansa jagora. Ya shige gaba, tsofaffin mata na biye, yana nuna musu daɓen katako, da matakalar da ke kuka idan an taka, da wani babban rami a bangon falo mai baƙin hayaƙi.

"A nan Bature yake hura wuta," ya ce.

"A falo? Ba shi da kicin?" in ji wata tsohuwa.

"Ba don girki ba, Mama. Don ya ji ɗumi."

"Matarsa fa?"

"Ba ta zo ba. Tana ƙasarsu."

"Shi ya sa yake jin sanyi."

Matan suka kwashe da dariya, har Anti Hulda ta kusa taya su kafin ta tuna inda take. Yemima ta yi amfani da hayaniyar ta zame ta ƙofar baya.

A hawa na ƙasa akwai wani tafki na siminti da ya bushe, a tsakiyarsa kifin dutse ya buɗe baki yana jiran ruwan da aka ɗauke tun tafiyar Bature. Boaz na zaune a gefensa, ya sa ganga tsakanin ƙafafunsa.

"Kin yi kuka," ya ce.

"Hayaƙi ne."

"Mima, na san hayaƙi, na san ke."

Ta zauna nesa da shi kaɗan, gwargwadon yadda idan an gan su za a iya cewa gaisawa suke.

"Yau Leonard zai ba ni zoben," ta ce. "A gaban kowa. Mama ta ce in na ƙi, ta tsine wa goyon da ta yi mini."

"Babanki fa?"

"Baba ya ce, 'Yaya, ina ganin,' sai ta kalle shi. Shi ke nan abin da ya ce."

Boaz ya shafa fatar gangar da tafin hannu.

"Kawuna na Kachia ya ce in zo, akwai gona. Na ce masa sai bayan Ista."

"Za ka tafi ka bar ni."

"Ki yi tunani mana. In aka sa ranarku, wa zai kaɗa ganga? Ni kaɗai ne a cocin nan. Zan tsaya a gaba ina kaɗa miki kina shigowa da farar riga, ana cewa in ƙara zafi. Gaskiya ba zan iya ba. Na yi addu'a a kai, ban iya ba."

Hawayen da ta ɗauka ta ƙarar da su a kan turmi suka dawo.

"Ni ban san Tagwai ba," ta ce. "Kai ba ka san Ishmael ba. Me muka yi?"

"Na san shi ina ƙarami. Tsoho ne kawai mai ciwon gwiwa."

"To mu gudu."

"Ki gudu ki bar matar da ta goye ki? Wata biyu za ki fara kallona kina ganin ɓarawo. Ba na so in same ki ta taga, Mima. Ta ƙofa nake so."

"Ƙofar a kulle take."

Sai suka ji muryar Anti Hulda daga sama tana kiran sunanta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran akuya.

*

Mai gadin gidan ne ya nuna musu katangar, wadda ke hawa na tsakiya, ta wajen gabas. Anti Hulda ta riƙe wuyan hannun Yemima ta ja ta har wurin.

Tun Yemima na ƙarama ake ce mata katangar ta kai tsayin bene. A wasu shekarun har takan wuce. Abin da suka tarar bai wuce ƙugun mutum ba. Furanni rawaya sun tsiro a tsakanin duwatsunta, wata budurwa da saurayinta na zaune a kai suna ɗaukar kansu hoto da waya. Da suka ga fuskar tsohuwar suka sauka suka ba da wuri.

Anti Hulda ta daɗe tana kallo.

"Ƙasa ce ta cinye ta," ta ce.

"I, Mama."

Ta ɗora hannu a kan dutsen.

"Mama, kin san fuskar Tagwai?"

"An haife ni bayan ya mutu. Ba shi da hoto, ba shi da mata, ba shi da ɗa. Kabarinsa ma an yi hanya a kai." Ta share ido da bakin zane. "Ubana yana kwance ya kama hannuna ya ce, Hulda, ki riƙe. Abin da ya rage na Tagwai a duniya ke nan, abincin da ba ma ci. In na saki, wa zai sake faɗin sunansa? Ke?"

Yemima ta zo da amsoshi da yawa da ta tanada, amma babu wadda ta dace da wannan. Ta sunkuyar da kai. A karo na farko ta ji cewa ta sha kaye, ba da ƙarfi ba, da gaskiya.

*

Bayan waƙoƙi da gajeren wa'azi, wanda Fasto Eli ya gajarta da ƙyar, aka shimfiɗa tabarmi gida-gida. Gidan Ishmael, bisa al'ada, sun zauna can ƙarshen lambu.

Leonard ya fito da shinkafa dafa-duka da soyayyun kaji da ya sayo a gari, ya jera a gaban surukan da yake fata.

"Haƙorana sun yi ritaya, ɗana," in ji Anti Hulda. "Ɗauko mini kularmu. Wake da riɗi ne, ita ta dafa. Ka ɗanɗana ka san abin da za ka samu."

Leonard ya tashi da sauri ya nufi gindin mangwaro, ya dawo da shuɗiyar kula yana murmushi. Yemima ta rufe ido tana jiran ƙauri ya tona ta a gaban jama'a.

Aka buɗe. Ƙamshin riɗi ya tashi, mai tsabta, babu ko alamar ƙuna.

Ta buɗe ido. Anti Hulda ta riga ta wanke hannu ta kai loma.

"Ka ji ko?" ta ce wa Leonard. "Ni na koya mata. Waken ya narke amma bai fashe ba. A garin nan babu gidan da ya iya wannan sai namu."

Yemima ta dubi kular. A jikin mariƙinta an ɗaure jan zare. Tasu ba ta da zare, tsagewa gare ta a murfi. Jan zaren nan kuwa ta san shi, domin ta sha ganin sa a bayan babur ɗin Boaz idan zai tafi gona.

Ta buɗe baki za ta yi magana. Sai ta ga mahaifinta. Idonsa na kan zaren, shi ma. Ya ɗago ya dube ta, ya cire tabarau, ya shiga goge shi da gefen riga a hankali, da kulawar da bai taɓa ba tabarau ba.

Ta rufe bakinta. Ta roƙi Ubangiji gafara, ba ta kuma fayyace masa na me ba.

Anti Hulda ta cinye ta nemi ƙari. Ta cinye ƙarin, ta ce a ɗan taɓa mata kaɗan, kaɗan ɗin da ya cika faranti. Leonard ya gyara zama, ya sa hannu a aljihu, ya yi gyaran murya.

A daidai nan wata inuwa ta tsaya a bakin tabarma, nesa kaɗan, inda ta saba tsayawa. Mama Dinah ce, doguwa, siririya, rungume da shuɗiyar kula mai tsagaggen murfi.

"Sannunku da hutawa, Mama," ta ce a hankali. "Ku yi haƙuri. Ina jin an yi mana musanya."

Hannun Anti Hulda ya tsaya tsakanin faranti da baki. Ta dubi kular da ke hannun Mama Dinah, ta dubi wadda ke gabanta, ta dubi jan zaren. Maƙwabtan tabarma suka daina tauna. Shirun ya bi lambun hawa-hawa har ya kai ƙarshe.

"Azariya," ta ce. "Na ci."

"Na gani, Yaya."

"Ka gani?"

"Tun farantin farko."

Ta mayar da lomar cikin faranti a hankali, ta miƙe ƙafafu, ta gyara ɗankwali.

"Kira mini Fasto. Wanda ya ci, cikinsa zai kumbura, ba zai ga kakar bana ba. Haka aka ce." Muryarta ba ta rawa, sai dai fuskarta ta yi toka. "A binne ni da zanen Zumunta, sabon, ba na bara ba. Kada a bar Mildred ta Zumunta ta ba da waƙa, tana jan ta kamar wadda ake cire wa haƙori. Akuyoyina na Yemima ne."

"Mama, don Allah," in ji Yemima tana kuka, ta kama ƙafarta.

Malam Azariya ya mayar da tabarau. Ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya jawo farantin yayarsa gabansa, ya ɗebi loma babba, ya ɗaga ta yadda na nesa ma za su gani, ya ci. Ya tauna ba gaggawa, ya haɗiye.

"Ke kin ci da kuskure," ya ce. "Ni na ci da sani. In akwai mai zuwa ɗauka, ya fara da ni. Yaya, na yi shekaru ina koya wa yaran mutane cewa ɗa ba ya ɗaukar laifin ubansa, ina dawowa gida ina kallon 'yata tana ramewa. Na gaji. Kuma waken ya yi daɗi, ke da kanki kika faɗa."

A karo na farko Anti Hulda ta bar ƙanenta ya kai ƙarshen magana. Mutanen da suka san gidan sun ce ba a taɓa ganin haka ba.

Mama Dinah ta ajiye kular ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, a bakin tabarma.

"Mama, ni auro ni aka yi, na tarar da maganar. Tun ina amarya nake kaffa-kaffa, a wurin biki, a wurin rasuwa, kada cokalina ya taɓa naku. Ban taɓa jin haushi ba, don na ga abin da ya yi wa surukina. Har ya mutu, in aka tashi da ruwan safe, ba ya fita, ba ya bari kowa ya fita. Sai ya zauna a ƙofar ɗaki ya ce, yau ranar Tagwai ce. Har yanzu haka muke. Tambayi Boaz, ko shuka ce za ta lalace, ba ma zuwa gona da ruwan safe."

Anti Hulda ta juyo gaba ɗaya.

"Kuna faɗin sunansa?"

"Jikokina ma sun san shi."

Tsohuwar ta rufe fuska da zane. Kukan da ta yi ba na mai shirin mutuwa ba ne, na wanda ya sauke kaya ne bayan doguwar tafiya ya tarar ashe wani na ɗauke da rabin kayan ta wata hanya. Matan Zumunta suka matso suna taya ta, wasu don tausayi, wasu don kada labarin ya wuce su.

Yemima ta ji wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinta ya kwance. Ta ja numfashi, ta ji ya kai har ƙasa. Can baya ta hango Boaz a tsaye, hannuwansa a kan kai, bakinsa na motsi.

"Mu ma mun ci naku, Mama," in ji Mama Dinah, tana share ido. "Ta haka na gane. Ni ban taɓa ƙona wake ba."

Anti Hulda ta sauke zanen.

"Wa ya ƙona wake?"

"Ban ce komai ba. Boaz dai ya cinye rabi bai yi magana ba, da na ce ya daina sai ya ce shi haka yake son sa. Wadda ta dafa, ko dai kuka take yi, ko tana buƙatar wanda zai ƙara nuna mata. In na biyun ne, a ba ni ita."

"A gidanmu ba a koya wa yarinya girki a waje," in ji Anti Hulda da zafi. "Kuka take yi. Ni na sa ta."

Dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ɓalle. Fasto Eli, wanda aka kira don addu'ar ƙarshe, ya tsaya da Littafi a hannu bai san shafin da zai buɗe ba.

Leonard ya tashi tsam ya koma bakin baranda. Yemima ta bi shi, ta tsaya a bayansa.

"Ka yi haƙuri, Brada Leonard."

"Ni na ɗauko kular," ya ce, yana kallon gari. "Da hannuna. Duk shuɗɗa ne, Yemima. Ta yaya mutum zai sani?"

"Kowane gida na da alamarsa."

"Na daɗe a Abuja." Ya yi ɗan murmushi marar daɗi. "Da na ba ki zoben, da kin karɓa?"

"Da na karɓa. Da kuma na yi ta ƙona maka abinci har mu tsufa."

Ya jinjina kai. Ya ce zai mayar da tsofaffi gida kamar yadda ya kawo su, domin bai ga abin da gwiwoyinsu suka yi masa ba. Yemima ta yi masa godiya, kuma a ranar ce ta fara ganin kirkinsa da gaske, yanzu da ba a tilasta mata gani ba.

*

Rana ta karkata, an fara naɗe tabarmi, matasa sun sa Boaz kaɗa ganga, yana kuwa kaɗawa da ƙarfin da bai dace da waƙar ba. Yemima na tattara kwanuka sai ta ji an kira ta da wata irin murya.

"Yemima. Zo ki taɓa nan."

Anti Hulda na jingine da katangar nan ta gabas, hannunta a kan ciki. Yemima ta taɓa. Cikin ya yi tauri, ya taso.

"Ya fara," in ji tsohuwar. "Na gaya muku."

Yemima ta janye hannunta. Ta san abin da hankali ke cewa game da tsohuwar da ta ci faranti uku na wake da tsakar rana, amma ta kuma san cewa idan matar nan ta kwana da tsoro, gobe rantsuwar za ta tashi da sabon ƙarfi, kuma babu mai sake kwance ta.

"Wake ne, Yaya," in ji Malam Azariya.

"Kai naka ya kumbura?"

"Ni loma ɗaya na ci."

"To rufe mini baki."

Mama Dinah ta zo, Boaz na biye. Ta kwance bakin zanenta ta fito da busasshiyar citta, ta ɓare, ta miƙa a tafin hannu.

"Ki tauna, Mama, ki kora da ruwan ɗumi. Ta gonar Boaz ce."

Anti Hulda ta dubi cittar. Babu kuskure a wannan karon, babu Leonard da za a ɗora wa. Kowa ya san daga inda ta fito, kowa kuma na kallo.

Tsohuwar ta juya ta dubi katangar, ta shafa ta sau ɗaya, kamar mai lallashin yaro. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauka ta jefa a baki.

Ta tauna da sauran haƙoranta, tana yamutsa fuska, hawaye na zuba don yaji. Ta sha ruwa. Aka jira. Fasto ya soma addu'a a ciki.

Sai ta yi gyatsa, doguwa, mai ƙarfi, wadda ta sa tsuntsaye tashi daga kan lemo.

"Amin," in ji Fasto Eli.

Anti Hulda ta shafa cikinta, ta saurara, ta sake shafawa. Ta dubi Boaz daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganin sa.

"Kai ne ka ce kana son ƙonannen wake?"

Ya durƙusa. "Ni ne, Mama."

"Maƙaryaci. Amma ƙarya ce mai kyau." Ta miƙa masa hannu. "Ɗaga ni. Ka gaya wa manyanku su zo ran Asabar. In an tashi da ruwa, ku bari ya ɗauke, za mu jira."